Shakazobar bayan kekena ta shige ciki ta ƙi dawowa: ta mutu ke nan?

"Assalamu alaikum Malam. A Jos nake zaune. Bara na sayi keken hawan dutse na gwanjo, mai shakazoba gaba da baya. Ta bayan ta iska ce, an rubuta Fox Float RP23 a jikinta. Na yi wata takwas ina hawa da shi wajen duwatsun Shere lafiya lau, sai dai a 'yan kwanakin nan kusan duk mako sai na je wurin wani abokina mai famfo an ƙara mata iska. Ranar Asabar da sassafe, cikin sanyin nan, na diro daga wani ɗan tudu, sai bayan keken ya zauna ya ƙi tasowa. Na sace iskar duka, sai ma ta ƙara shigewa. Na kai wa mai faci ya sa mata injinsa, ko motsi ba ta yi ba. Tun kafin haka kuma nakan ji tana wata ƙara kamar ana taka caɓi. Yanzu wani mai gyaran babur ya ce in kawo ya buɗe ya zuba mata mai. In ba shi, ko in nemi wata? Allah ya ƙara basira."

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Amin, na gode. Tun kafin in shiga bayani: kada ka ba mai babur ɗin nan tukuna, kai ma kada ka kama gwangwanin ka murɗa. Shakazobar da ta shige ta ƙi dawowa akwai iska mai ƙarfi a kulle a cikinta, ko da ka danna bawul ka ji ba abin da ya rage. Wanda bai san da zamanta ba zai iya jin ciwo, kuma garin gyaran gira a rasa ido.

Idan na fahimce ka, abubuwa uku ka faɗa: tana sace iska a hankali, ta shige ta maƙale, tana kuma ƙarar caɓi. Na farko da na biyu ciwo ɗaya ne da ya yi tsanani, kuma yana gyaruwa da kuɗi kaɗan. Na uku daban yake, shi ne ma zai yanke hukuncin ko a gyara ta ko a haƙura da ita.

Abin da ke cikinta

Shakazobar iska na'ura biyu ce a jiki ɗaya. Akwai gwangwanin waje, mai kauri, wanda kake hura wa iska. Shi ne a madadin sifirin, shi ke ɗauke da nauyinka. Sannan akwai siririn bututun nan mai santsi da ke shiga yana fita cikin gwangwanin. Shi cike yake da mai, aikinsa ya rage gudun shiga da gudun dawowa, don kada keken ya riƙa cilla ka sama kamar ɗan maraƙi. Jan maɓallin da ke jikinta shi ke saita saurin dawowa, shuɗin hannun kuma shi ke taurara ta idan za ka hau tudu.

Cikin gwangwanin akwai fistin mai zoben roba da ya raba shi ɗaki biyu. Babban ɗaki shi ne wanda bawul ke buɗewa cikinsa, iskarsa na tura shakazoba ta miƙe. Ƙaramin ɗaki yana bayan fistin, iskarsa na jan ta ciki, don farkon motsinta ya yi laushi. Ƙaramin ɗakin nan ba shi da bawul nasa. Hanyarsa ɗaya ce tak: wani ɗan gurbi da aka yi a bangon gwangwanin daga ciki, kusa da inda fistin ke tsayawa idan ta miƙe. Duk sanda robar fistin ta gitta ta kan gurbin, iska kan ratsa, ɗakunan biyu su daidaita. Riƙe wannan gurbin a ranka, domin duk matsalarka a kansa take.

Me ya sa ta shige

Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin Fox ya daina fitar da RP23 wajen 2012, samfurin CTD ya maye gurbinta a 2013, wato taka ta haura shekara goma. Keken gwanjo kuwa da wuya ka samu wanda aka canja wa roba kafin a loda shi a kwantena. Robar fistin ta tsufa, ta bushe, man da ke jiƙa ta ya ƙare. Ƙarin iskar da kake yi duk mako shi ne gargaɗin da ta yi maka. Sai ga sanyin hunturu, wanda ke sa roba ta ƙanƙance ta yi tauri. Da ka diro, iskar babban ɗaki ta matsu ƙwarai, ta sami kafa ta gefen robar ta tsallaka ƙaramin ɗaki alhali fistin yana can ciki, nesa da gurbin. Daga nan ƙaramin ɗaki ya fi ƙarfi, ya riƙe fistin, ba ya barin sa ya koma inda gurbin yake balle iskar ta dawo.

Shi ya sa da ka sace iska ta ƙara shigewa: babban ɗaki kawai ka zazzage, ka bar wa ƙaramin filin. Injin mai faci kuma ba nasa ba ne. Yawancinsu ba sa wuce psi 120 zuwa 150 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska), iskarsu na ɗauke da danshi, kuma ɗakin shakazoba ƙarami ne sosai, kafin ya zare bakin tiyo rabin abin da ya shiga ya fita. Tana bukatar famfonta na musamman, ɗan ƙarami mai agogo, wanda ke kai psi 300. Idan za ka ci gaba da hawan irin wannan keke, sayen naka wajibi ne, ya fi maka kowane ado da za ka sa wa keken.

Ga wani abu da ke ruɗa mutane da yawa, har su yi zaton tasu na yoyo alhali lafiyarta ƙalau. Duk sanda ka ɗaura famfo, iskar shakazoba ce ke cika tiyon famfon, sai agogo ya nuna ƙasa da abin da ka bari da kamar psi 10. Hucin da kake ji idan kana kwancewa kuma daga tiyon yake fita. Sanyi ma na rage ta: wanda ya hura psi 180 da rana ana digiri 30, ya auna da asuba ana digiri 10, zai ga kusan psi 13 sun tafi ba tare da ɗigon yoyo ba. Amma taka da ta kai ga bayan keke yana laushi duk mako, wannan yoyo ne na gaskiya.

Gwajin da za ka yi kafin a taɓa sifana

Ka ari famfon abokinka. Shakazoba tana jikin keke, ka hura ta har psi 250, kada ka wuce 300 da aka iyakance mata. Wannan shi ne gwajin da Fox da kanta ta rubuta a littafin waɗannan shakazobobi. Idan ta fara miƙewa, ka sa wani ya danne tayar baya da ƙafa, kai kuma ka ja sirdi sama da ƙarfi. Sau da yawa fistin kan kai gurbin, ka ji ɗan "tsss" daga ciki, ta saki. Ka auna daga tsakiyar ramin ƙusa na sama zuwa tsakiyar na ƙasa, ka gwada da tsawonta na asali. Irin waɗannan galibi milimita 165, 190 ko 200 ne. Idan ta dawo cif, to iskar da ke kulle ta fita, haɗarin ya ragu. Sai dai ba warkewa ta yi ba. Robar da ta bari iska ta tsallaka jiya za ta sake bari gobe, wataƙila kana tsakiyar gangara.

Tun da ta miƙe, yi amfani da damar ka nemo inda take yoyo zuwa waje. Kaɗa ruwan sabulu ka shafa a bakin bawul, da inda gwangwani ya haɗu da kai, da bakin robar da bututu ke shiga. Inda ya yi kumfa nan ne. Na sha karɓar shakazoba da mai ita ya yanke ƙauna, ashe ƙwayar cikin bawul ce kawai ta sassauta. Irin ta tayar mota ce, ɗan makullin mai faci ke ɗaure ta.

Idan kuwa ta kai 250 ba ta miƙe ba, umarnin kamfanin shi ne kada mai keke ya buɗe, a kai wa wanda ya san aikin. Ni ma abin da zan ce maka ke nan. Zan dai gaya maka yadda mai sani ke yi, don ka gane ko wanda ka kai wa ya sani. Yana sa tabarau na kariya. Yana sace iskar duka, ya cire ƙwayar bawul. Yana matse kan shakazoba a bais, wato matsen ƙarfe na kan teburin makanike, da katako ko roba a tsakani, ya zura tsumma mai kauri ta ramin ƙusa da ke ƙarshen bututu ya bar shi yana reto gefe biyu, domin ya tare gwangwanin idan ya ƙwace. Sannan ya murɗa a hankali, fuskarsa da jikinsa ba sa kan hanyar. Akwai wani yaro da aka kawo mini da yatsa a fashe da shakazoba a leda: wani ne ya ce masa ai tunda bawul ya yi shiru babu komai a ciki. Gwangwanin ya fita da ƙara kamar an harba bindiga. Allah ya taƙaita, yatsa ne, ba ido ba. Duk wanda ka kai wa ka ga ya ɗauko filaya ya nufi gwangwanin ba tsumma ba tambaya, karɓi kayanka.

Canja robobin gwangwani

Wannan shi ne aikin da mai haƙuri zai iya yi a tsakar gidansa, muddin shakazobar ta miƙe kuma an sace iskarta a hankali. In ka sace da sauri tana iya sake shigewa, don haka ka riƙa saki kaɗan-kaɗan ta maɓallin famfo, kana ɗan danna keken kana ɗagawa. Robobin ana sayar da su ƙunshi guda. Na dangin Float irin taka lambarsa 803-00-142, kuma yana zuwa da ɗan man shuɗi da ake kira Float Fluid. Ƙunshin ƙarami ne, mai zuwa daga waje zai sako maka shi a aljihu. Ka sayi biyu.

Gwangwanin da hannu ake kwance shi. In ya ƙi, a naɗa masa tsohon tif na keke don hannu ya kama, ba a sa masa filaya ko sifanan famfo. Ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka jera duk abin da ka cire bi da bi yadda ka same shi, ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare kowace roba, domin fararen zobban da ke rungume da baƙar robar suna da tsarinsu. Da tsinken sakace ko wani abu na roba ake ciro su. Allura ko sukuddireba na yin ƙarzane a mazaunin roba, kuma ƙarzanen da ido bai gani ba iska na ganin sa.

A nan nake son ka saurare ni da kyau, don a nan gyaran gida ya fi lalacewa. Ba a wanke cikinta da fetur ko kananzir, sifirit na kemis da ƙyalle marar gashi sun isa. Ba a zuba mata baƙin mai, ba a shafa mata giris ɗin boris na mota. Man birki kuwa guba ne gare ta, yana kumbura irin wannan roba ya lalata ta. Giris mai laushi na shakazoba ake shafa wa sababbin robobi, irin su Slickoleum ko SRAM Butter, ko shi man shuɗin da ya zo a ƙunshin, sannan a ɗiga kamar cc 2 a babban ɗaki kafin a rufe. Kada a cika giris har ya toshe ɗan gurbin nan. Na ga sabuwar roba ta maƙale a rana ta farko saboda haka kawai.

Kafin ka rufe, haska fitila cikin gwangwanin, ka kuma bi jikin bututun da farce. Idan launinsa ya goge har farin ƙarfe ya fito, ko farce na maƙalewa a wani layi, sabuwar roba ba za ta daɗe ba. Ƙaramin ƙarzane guda nakan cike shi da jan farce in goge da sanfefa mafi laushi, ya ɗan ja lokaci. Gogewa mai faɗi a gefe ɗaya kuwa alama ce keken na murɗa shakazobar, wato bushin da ke cikin ramukan ƙusa ko boris ɗin mahaɗan firam sun ci. Ɗaga sirdi a hankali ka saurara: in ka ji ƙwas-ƙwas, su ne. In ba a canja su ba, ko sabuwa ka ɗaura haka za su cinye ta.

Wajen mayar da gwangwani zai yi maka gardama, don iskar ƙaramin ɗaki na turo shi. Dabarar ita ce ka ɗaura shakazobar a keke, ka danna sirdi ta shige, sai ka tura gwangwanin ka ɗaure da hannu. Hura iska kuma mataki-mataki ake yi: duk psi 50 ka tsaya, ka danna keken a hankali kamar sau goma har ka ji iska ta ratsa gurbin, sannan ka ci gaba. Ka fara da nauyinka a ma'aunin fam. Mai kilo 70, wato wajen fam 150, ya fara da wajen psi 150. Sai ka hau da kayan hawanka, ka sauka a hankali, ka duba zoben robar da ke jikin bututu. Ana so ya motsa kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tafiyarta: mai tafiyar milimita 51 ke nan ya motsa 13 zuwa 15.

Ƙarar caɓin nan

Yanzu ga inda nake jin tsoro game da taka. Cikin bututun mai, can ƙarshe, akwai wani fistin da ba a ɗaure shi da komai ba, yana shawagi. Gabansa mai ne, bayansa iskar naitirojin ce da aka ɗura da ƙarfin ɗaruruwan psi, ita ke danne man don kada ya yi kumfa. Idan robar wannan fistin ta gaji, iskar ta shiga cikin mai, sai ya zama kumfa. Ƙarar taka caɓi da kake ji ke nan. Ɗan shuu na mai yana ratsa ƙananan ramuka ba laifi ba ne, amma cakwal-cakwal a farkon dannawa, ga jan maɓalli ka juya shi ƙarshe zuwa ƙarshe ba ka ga bambanci ba, ga shuɗin hannu ya daina taurara ta, wannan ɓangaren mai ne ya tafi.

Lokacin da gwangwani ke cire shi ne lokacin tabbatarwa. Rufe jan maɓallin zuwa mafi jinkiri, ka danna shakazobar da nauyin jikinka a kan katako, ka saki. Lafiyayya za ta yi maka tauri tun daga farko, ta dawo a hankali da kanta har ƙarshe. In ta shige fayau kafin ta fara tauri, ko ta tsaya a hanya, ko ka tarar da siririn mai da yawa kwance cikin gwangwanin, to ta tabbata.

Mai babur ɗinka ba mugunta yake nufi ba. Shakazobar babur da ya saba da ita sifirin ne a waje da mai a ciki, a zazzage a zuba wani a rufe. Wannan kuwa tana son mai na musamman, a fitar da duk ƙwayar iska daga cikinsa, a ajiye fistin mai shawagi a zurfin da aka ƙayyade da ma'auni, a ɗura naitirojin da allura ta cikin wata 'yar roba. Akwai ɗan farin toshi kusa da ramin ƙusa na ƙarshen bututu. Nan ne ƙofar, kuma kamfanin ya yi gargaɗi kada a ƙwaƙule shi. Ni kaina robobin gwangwani da bushi da boris nake yi. Ɓangaren mai na RP23 ba na buɗe shi, don ba ni da kayan ɗurin, kuma aikin da ba zan iya mayarwa daidai ba ba na fara shi. Daga wasiƙa kuma ba zan iya rantse maka cewa naka ya tafi ba, sai an yi gwajin nan na hannu.

Gyara ko saye

Idan ɓangaren mai lafiya yake, bututu ba gogewa, canja robobi ka ci gaba da hawanka. RP23 shakazoba ce mai kyau, ta fi yawancin masu arahar da za ka samu sababbi. Idan mai ya yi kumfa amma jikinta sumul yake, sai ka yi lissafin aika ta inda ake wannan aiki, kamar Afirka ta Kudu ko Turai, kuɗin aiki da na kai da kawowa, ka gwada da kuɗin wata. In kuwa ga kumfa ga gogewa, kada ka zuba kuɗinka a rijiya.

Wajen sayen wata, suna ba shi ne farko ba, awo ne. Tsawo daga rami zuwa rami da tsawon tafiya dole su zo daidai da na asali, misali 200 da 51, ko 190 da 51. Ka kula, 200 da 57 ma akwai, a ido kamar ɗaya suke, amma ƙarin milimita 6 ɗin nan na iya sa taya ta daki firam. Daga 2016 kuma an shigo da sabon tsarin awo, irin su 210 da 55 ko 230 da 60, waɗanda ba sa hawa tsofaffin kekuna. Ka adana ƙarafunan da ke cikin ramukan ƙusa na tsohuwar, faɗinsu na kekenka ne. X-Fusion da SR Suntour suna yin masu sauƙin kuɗi da ke aiki da gaskiya. Ta gwanjo kuma, ka ɗauka ita ma robobinta sun tsufa har sai ka ga akasin haka. Duk wadda ka ɗaura, kafin ka hura mata iska ka danna keken har ƙasa a hankali, ka tabbata ba abin da ke taɓa wani.

Wasu kan tambaye ni ko su koma mai sifirin su huta da famfo. Ga wanda ke nesa da kayan gyara akwai hikima a ciki, sai dai ba kowane firam ke karɓarta ba: wanda aka zana don ta iska yakan riƙa shigewa har ƙarshe da mai sifirin, wani ma ba wurin da za ta shiga. Ita ma kuma tana da ɓangaren mai da ke tsufa.

Fox na cewa a yi wa shakazoba cikakken gyara duk awa 125 na hawa ko sau ɗaya a shekara, kamfanin RockShox kuma na cewa a buɗe gwangwani duk awa 50. Ƙurar hunturunmu laushi gare ta kamar gari, tana manne wa man da ke jikin bututu ta zama sanfefa, don haka ni sau biyu nake buɗe na kekunan da ke hannuna: bayan damina, da kuma bayan hazo ya ɗauke. Kullum ka dawo daga Shere ka goge bututun da ƙyalle mai tsabta, kuma kada ka yarda yaran wankin mota su saita masa bakin injin ruwa. Yi gwajin psi 250 ɗin nan tukuna, ka auno mini tsawonta daga rami zuwa rami, ka kuma gaya mini ko jan maɓallin na canja wani abu, sai mu san ƙunshin roba za ka aika a sayo ko shakazoba.